Doguwar Mota Mai Ƙofa Takwas: Labarin Limozin ɗin Filin Jirgi da Ke Giftawa a Fina-finan Amurka

Yau ba jarumi za mu tattauna a kai ba, ba kuma darakta ko mawaƙi ba. Mota ce. Amma kafin wani ya ce wannan ba hurumin 'yan fim ba ne, a ɗan yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe.

Duk wanda ya kalli Catch Me If You Can, fim ɗin Steven Spielberg na 2002, zai tuna wurin da Leonardo DiCaprio, a matsayin ɗan damfara Frank Abagnale, ya iso filin jirgin Miami sanye da kayan matuƙin jirgin Pan Am. Jami'an FBI sun cika wurin suna jiran sa, Tom Hanks ne jagoransu. Shi kuwa gogan sai ya shigo a tsakiyar 'yan mata masu kayan ma'aikatan jirgi, waƙar Frank Sinatra mai suna Come Fly with Me tana tashi, idon kowane jami'i ya koma kan 'yan matan, ya wuce abinsa. To mu ma 'yan kallo haka aka yi mana. Da yawanmu ba mu lura da wata mota da ke cikin fim ɗin ba: doguwa kamar ba za ta ƙare ba, ƙofofi a jere reras a gefenta, gabanta sak tasi ɗin New York. Sunanta Checker Aerobus, kuma ita da 'yan uwanta ne batunmu na yau.

Wace irin mota ce wannan?

Mu fara da abin da muka sani. Ka tuna Fijo 504 mai dogon baya, wadda ake kira wagon a tasha, mai layin kujeru uku? Irin wannan ƙira, wato rufin ya miƙe har ƙarshen mota, ba but daban, shi ne Turawa ke kira station wagon. Sunan ma daga tasha ya samo asali, domin tun farko motoci ne da ke zuwa tashar jirgin ƙasa su kwashi baƙi da kayansu zuwa otal. Na farko-farko ma da katako ake yin jikinsu.

To yanzu ka ɗauki wannan wagon ɗin a ranka, ka ja ta kamar cingam. Maimakon ƙofa biyu a kowane gefe, ta zama uku ko huɗu. Maimakon layin kujeru biyu ko uku, ya zama huɗu, kowane layi da ƙofarsa dama da hagu. Can baya kuma ga wurin akwatuna, wani lokaci a ƙara da kariya a kan rufi. Wannan ita ce Amurkawa suka kira limozin ɗin filin jirgi.

Kalmar limozin ɗin ce ke ruɗa mutane. Mu da muka taso da kallon bidiyon waƙoƙi, da an ce limozin sai mu hango baƙin gilashi, kujerun fata, firji, da wani mai kuɗi a kishingiɗe shi kaɗai. Waɗannan ba haka suke ba. Motocin haya ne, na lodi. Ka sauko daga jirgi, ka biya kuɗin kujera ɗaya, ka zauna kusa da mutumin da ba ka taɓa gani ba, direba ya bi otal-otal yana sauke ku. Ba a yi su don nuna isa ba, don kwasar jama'a aka yi su.

Makaɗa ne suka fara morar ta

Ga inda abin ya shafi masoya kiɗa. A garin Fort Smith da ke jihar Arkansas akwai wani kamfani mai suna Armbruster, wanda ya fara aiki a 1887 da ƙera kekunan doki. Da mota ta zo ta kori doki, sai suka koma aikin jikin mota. A shekarun 1920 wani kamfanin sufuri ya nemi su tsawaita masa mota don ta ɗauki fasinja da yawa, suka yi, abin ya karɓu. Masu bin tarihin motoci suna danganta doguwar limozin ta farko da wannan kamfani, wajen 1928.

A wancan zamani kiɗan da ke tashe a Amurka shi ne na manyan ƙungiyoyin jaz, inda za ka ga mutum goma sha biyar ko fiye a kan dandali: masu ƙaho, masu ganga, mai fiyano, mai jita. Irin su Benny Goodman da Glenn Miller ke nan. Rayuwarsu a kan hanya take, yau wasa a wannan gari, gobe a wancan. Yaya za a kwashi wannan runduna da kayan kiɗansu? Ƙaramar mota ta yi kaɗan, jirgin ƙasa kuma ba kowane gari yake shiga a lokacin da kake so ba. Sai doguwar mota ta zama mafita, har aka riƙa yi mata laƙabi da bas ɗin makaɗa.

Ka ga ke nan alaƙar mawaƙi da limozin ba yau ta fara ba. Bambancin kawai, na da don larura ya shige ta, a matse, ƙaho a kan cinya. Na yanzu don a gan shi yake shiga.

Yadda ake jan mota ta yi tsawo

Wani zai ce, wai ta yaya ake yi? Amsar tana da ban tsoro kaɗan: yanka ta ake yi gida biyu.

Motocin Amurka na wancan lokaci suna da ƙashin ƙarfe a ƙasa, wanda kanikawa ke kira casis, sannan a ɗora bodi a kai. Kamfani irin Armbruster zai sayo sabuwar Chevrolet ko Pontiac ko Chrysler dal daga masana'anta, a cire kujeru da shimfiɗa, a yanke ta a tsakiya. Sai a ja gaba da baya, a sa sabon ƙarfe mai kauri a tsakani a yi walda. A ƙara bene, a ƙara rufi, a kawo ƙarin ƙofofi a jera.

Wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Wahalar tana ƙasa inda ido ba ya gani. Injin yana gaba, amma tayoyin baya ne ke tura motar, don haka farfelar da ke kai ƙarfi baya dole a ƙara mata tsawo, a yi mata abin riƙo a tsakiya don kada ta riƙa kaɗawa. Bututun birki, na mai, salansa, wayoyin wuta, duk sai an ƙara. Sifirin sai an sa mai ƙarfi, domin nauyin mutum goma sha biyu da akwatunansu ba wasa ba ne. In aka yi ha'inci a aikin, motar za ta lotsa a tsakiya, ƙofofi su daina rufuwa daidai. Shi ya sa ba kowane gareji ke taɓa wannan aiki ba. Kamfanonin da suka ƙware a kai, yawancinsu su ne dai masu ƙera motar asibiti da motar ɗaukar gawa.

A 1962 Armbruster ya haɗe da wani kamfani mai suna Stageway, suka zama Armbruster-Stageway, kuma da yawa daga cikin dogayen motoci masu ƙofa shida da takwas da za ka gani a tsofaffin hotunan filayen jirgin Amurka aikinsu ne.

Me ya sa filin jirgi?

A watan Oktoban 1958 kamfanin Pan Am ya fara jigilar fasinja da Boeing 707. Daga nan tafiyar jirgi ta canza. Jirage suka ƙara girma da sauri, fasinja suka ƙaru, sababbin filayen jirgi kuma aka riƙa gina su can bayan gari saboda suna buƙatar fili mai yawa. Sai matsala ta taso: mutum ya keto ƙasa guda cikin sa'o'i kaɗan, amma ya rasa abin da zai kai shi cikin gari.

Tasi ta yi tsada ga mutum ɗaya. Babbar bas kuma sai ta jira ta cika, ga shi wanda ya sa kwat da nektai ya hau jirgi ba ya son a gan shi yana hawa bas. A lokacin hawa jirgi abin ado ne, mutane kwalliya suke yi kamar za su biki. Doguwar wagon ta zo daidai tsakiya: tana da kamannin motar gida, ƙasa-ƙasa, ba ka taka matakala, ba ka ratsa tsakanin kujeru kana sunkuyo. Ka buɗe ƙofarka kawai ka zauna. Amma tana kwasar mutane kamar ƙaramar bas. Otal-otal, wuraren shaƙatawa da kamfanonin sufuri suka yi ta saye. Ma'aikatan jirgi ma, matuƙa da masu kula da fasinja, da irinta ake kai su masauki.

Checker Aerobus: tasi da ta yi tsawo

Mu dawo kan wadda muka fara da ita. Kamfanin Checker, wanda Morris Markin ya kafa a 1922, yana garin Kalamazoo ne a jihar Michigan, kuma sana'arsa ƙera tasi. Duk wanda ya kalli Taxi Driver na Martin Scorsese, fim ɗin 1976, ya san motar: rawayar tasi ɗin nan mai ƙiba da Robert De Niro ke yawo da ita cikin dare a New York, Checker ce.

Daga 1962 zuwa 1977 suka yi Aerobus. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ba yanka ta aka yi daga baya ba, daga masana'anta take fitowa da tsawonta. Akwai mai ƙofa shida a gefe da ke ɗaukar mutum 9, akwai mai ƙofa takwas da ke ɗaukar mutum 12, ban da ƙofar baya ta kaya. Babbar ta kusa mita 7 a tsawo. Inji mai silinda takwas ne a cikinta. Gaba ɗaya abin da aka ƙera bai wuce 3,500 da 'yan kai ba.

Checker ba ya damuwa da yayi. Yayin da sauran kamfanonin Amurka ke canza fuskar mota kusan kowace shekara, shi siffa ɗaya ya riƙe tun ƙarshen shekarun 1950 har ya daina ƙera mota a 1982. Fitilu huɗu masu zagaye, jiki mai tudu, rufi mai tsawo yadda mai hula zai shiga bai cire ba. Wannan taurin kai ya zama alheri ga masu shirya fim: Checker ta 1970 za ta iya fitowa a labarin 1963 ba tare da kowa ya kama kuskure ba, in ba gwanin gwanaye ba.

Jetway 707: mai taya shida

In Aerobus ta ba ka mamaki, to ga babbar yaya. A garin Blytheville, shi ma a Arkansas, wasu mutum biyu, Waldo Cotner da Robert Bevington, waɗanda suka daɗe suna ƙera motocin asibiti da na gawa da Oldsmobile, suka kafa kamfanin American Quality Coach. A 1968 suka fito da Jetway 707. Daga sunan ma ka san jirgin da ake kwaikwayo.

Tsawonta ƙafa 28, wato wajen mita 8.5. Ka jera Corolla biyu gaba da baya, to kaɗan ya rage ta kamo su. Ƙofa takwas a gefe, taya shida, biyu a gaba huɗu a baya, rufi mai tudu da tagogi a samansa don haske ya shigo. Tana ɗaukar mutum 12 zuwa 15.

Dabarar da suka yi ita ce zaɓen Oldsmobile Toronado a matsayin tushe. Toronado, wadda ta fito a 1966, tayoyin gaba ne ke jan ta, abin da aka daɗe ba a gani ba a motocin Amurka. Ka tuna matsalar farfela da muka faɗa? To a nan babu ita kwata-kwata. Inji da giya da komai suna gaba, abin da ke baya bin sahu kawai yake yi. Don haka za ka iya jan bayan yadda kake so, benen kuma ya fito a shimfiɗe ba tudu a tsakiya. Tunani ne mai kyau, sai dai kasuwa ba ta karɓa ba. Ko ɗari biyu ba su cika ba kamfanin ya durƙushe, wajen 1970.

Duk da haka ta samu shiga babban fim. A All the President's Men na 1976, inda Robert Redford da Dustin Hoffman suka fito a matsayin 'yan jaridar Washington Post da suka bankaɗo badaƙalar Watergate, akwai wurin da Jetway 707 ke bayyana a titin Washington. Ba ta da rawar da take takawa a labarin, 'yan daƙiƙu ne kawai. In ka ƙifta ido ta wuce. Amma ga motar da ba a yi da yawa ba, wannan giftawar ta sa har yau ana maganarta.

Abin da darakta ke nema da ita

A nan akwai bambanci da ya kamata mai kallo ya gane. A fim ɗin da aka ɗauka a shekarun 1960 ko 1970, irin wannan mota tana iya shiga kyamara ne kawai don tana kan titi tana neman abincinta. A fim irin Catch Me If You Can kuwa, wanda aka ɗauka bayan shekara talatin da wani abu, babu abin da ya shigo da kansa. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, nemo motocin da suka dace da zamanin labari, su karɓo haya daga masu tara tsofaffin motoci, a gyara, a yi fenti, a kawo lokeshan.

Me ya sa za a sha wannan wahala? Saboda mota ɗaya tana yin aikin da dogon bayani ba zai yi ba. Da ka ga Aerobus a bakin ƙofar filin jirgi, ko ba a rubuta shekara a allo ba, jikinka ya ba ka cewa an koma zamanin da hawa jirgi ke da kwarjini. Sannan kyamara tana son ta. Ka yi tunanin ƙofofi huɗu a jere suna buɗewa, mutane suna ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ga mai shirya barkwanci abin dariya ne, ga mai son nuna ƙasaita kuma jerin gwano ne a mota guda.

A kula kada a haɗa ta da 'yar uwarta. Motar Ghostbusters na 1984, wadda ake kira Ecto-1, doguwa ce mai siffar wagon, amma ba ta filin jirgi ba ce. Cadillac ce ta 1959 da kamfanin Miller-Meteor ya yi wa jiki, irin wadda ake aikin asibiti da na jana'iza da ita. Gida ɗaya suka fito, sana'a ce ta raba su.

Abin da ya kashe ta

Zamani riga ne. Abubuwa uku suka haɗu suka ture ta.

Na farko, jiragen sun fi ƙarfinta. A Janairun 1970 Boeing 747 ya fara aiki, jirgin da ke iya sauke mutum sama da 350 a tashi ɗaya. Yi lissafi: in kowace Aerobus za ta ɗauki 12, kana buƙatar wajen mota 30 don jirgi guda. Dole manyan bas-bas su karɓi aikin.

Na biyu, ƙananan bas masu siffar akwati suka shigo. A farkon shekarun 1970 Dodge ya riga ya fito da mai ɗaukar mutum 15, sauran kamfanoni suka biyo baya. Ta fi arha, ta fi gajarta, ta fi sauƙin shan kwana da fakin, kuma ba sai an yanka komai ba. Direban da ya taɓa fama da ribas da mota mai mita 8 ba sai an roƙe shi ya canza ba.

Na uku, matsalar man fetur ta 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka dakatar da sayar wa Amurka mai. Farashi ya tashi, mota mai silinda takwas da nauyin giwa ta zama kaya.

Amma dabarar jan mota ba ta mutu ba, unguwa ta canza. Aka cire layukan kujerun nan, aka rage ƙofofi, aka sa baƙin gilashi da talabijin, ta koma ta masu hannu da shuni. Ita ce ke ɗauko Bruce Willis daga filin jirgin Los Angeles a farkon Die Hard na 1988. Ita ce Richard Gere ya leƙo ta rufinta a ƙarshen Pretty Woman na 1990. Ita ce Macaulay Culkin ke cin fiza a cikinta a Home Alone 2. A Dumb and Dumber ma Jim Carrey direban limozin ne, kuma kai fasinja filin jirgi ne ya jawo duk abin da ya biyo baya. Ka lura, ko da ta yi kuɗi ba ta manta hanyar filin jirgi ba.

Yadda za ka gane ta in ka gan ta

In kana kallon tsohon fim ɗin Amurka aka nuno bakin filin jirgi ko ƙofar babban otal, ɗan dakatar da hoton ka duba bayan jarumin. Ƙirga ƙofofin gefe: in sun kai uku ko huɗu a ɓangare ɗaya, ka kama ta. Duba fuska: fitilu huɗu masu zagaye da jiki irin na tasi, Aerobus ce. Ƙirga tayoyi: in ka ga biyu a jere a baya da rufi mai tudu, ka yi sa'a, Jetway ce. In kuwa ta yi kama da Chevrolet ko Pontiac ta gida da aka ja, ga kariya a sama, to da alama aikin irin su Armbruster-Stageway ne.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne motocin nan ba irin waɗanda ake lallaɓawa ba ne. Motar mai kuɗi tana kwana a gareji a lulluɓe. Waɗannan kuwa aiki suka yi dare da rana, cikin ruwa da ƙanƙara, har suka ruɓe aka kai su bola, ga shi tun farko ba su da yawa. 'Yan ƙalilan ne suka rage a hannun masu tarawa da gidajen tarihi. Yawancinmu ba za mu taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba. Wurin da ya rage da za ka gan ta tana tafiya, da fasinja a ciki, direba na sauke akwatuna, shi ne cikin fim.

To 'yan uwa, wa ya taɓa cin karo da ita a wani fim ɗin da ban ambata ba? A ajiye mana sunan fim ɗin da daidai wurin da ta fito, mu koma mu duba tare. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.